Rabin Allo

Ba mu da sulen shiga silima,
sai bedin da ke bayan katanga a Sabon Layi.
Ni a reshen ƙasa, Nalado a kaina,
Mannir can ƙoli inda reshe ke lanƙwasa,
don shi bai san tsoro ba, ko dai bai nuna ba.

Daga can, katanga ta cinye mana rabin allo.
Sama kawai muke gani:
huluna, kafaɗu, tuta, kunnuwan dawaki.
Mako guda cur ana haska fim ɗin nan
na sojan doki da suka kutsa ƙasar abokan gaba,
suka baro nasu tafiyar kwana tara,
ba mai kawo guzuri, ba mai kawo ɗauki,
kowace rijiya ta maƙiyi ce,
kowane zakara ɗan rahoto.

Turancinsu bai dame mu ba.
Nalado ke fassara, shi da ya tsaya aji uku:
"Ya ce in an kai gada a cinna mata wuta."
"Ya ce wa mai gemun nan, ubanka!"
Mu yi ta ƙyaƙyata har mai gadi ya jefo hoge.

Iyakar saninmu, ba mai mutuwa.
In bindiga ta tashi, mutum ya sulale
ya shige bayan katanga, shi ke nan,
kamar wanda ya sauka kama ruwa.
Mannir ya ce, "Hutawa suka yi, za su taso."
Begila ta busa, huluna suka ci gaba.
Muka sauko, tafin hannu duk ɗacin bedi,
muka yi sukuwa kan karan dawa har Rafin Daɗi.

Da gemu ya fara tsiro masa
Mannir ya tafi Zariya, aka aske masa kai.
Hoto ɗaya ya aiko wa Inna Dije,
daga ƙirji zuwa hula.
Jirgi ya kwashe su zuwa wata ƙasa
da aka ce ruwa ba ya ɗaukewa.
Bayan damina biyu takarda ta zo,
da agogonsa, a tsaye kan ƙarfe huɗu saura.

Yanzu silimar siton siminti ce.
Bedin kuwa an yi turame da shi.
Jiya autana Sagir ya tono fim ɗin a waya,
ya ajiye mini kan keken ɗinki ya fita.
Allon nan da ya fi ƙarfin aljihunmu,
ga shi duka cikin tafina.

Ashe ƙasa laka ce.
Ashe sun naɗe kofatan da tsumma don kada a ji su.
Ashe dokin jarumin ɗingishi yake tun daga rafi,
mai busa begilar kuma yaro ne, ƙafa ba takalmi.
Gonar wani suka ratsa, masara ta kai bunƙasa,
ga mai gonar durƙushe a gefe, ba wanda ya dube shi.

Su kuma waɗanda suka sauka kama ruwa
suna nan inda suka sauka,
baki buɗe, hannu ɗaya cikin linzami,
dawakin 'yan'uwansu na tsallake su.
Wani ya tsaya, na ce addu'a zai yi.
Takalman ya zare.

Na kira Nalado a shagon tayarsa na Ƙofar Ƙaura.
Na ce, "Na ga ƙasan."
Ya yi shiru, ina jin ƙarar injin ba da iska.
Ya ce, "Sun taso?"
Na ce, "Kuɗin wayata sun kusa ƙarewa."

Na mayar da fim ɗin farko.
Na ɗauko ƙyallen shadda da ya rage daga wuyan riga,
na rufe rabin allon,
na zauna ina kallon huluna
har aka kira Magariba.